Ziyarar Dalar Giza A Masar: Abin Da Za Ka Gani Da Yadda Za Ka Yi Da 'Yan Talla

Da yawa daga cikin 'yan'uwa da ke shigowa Alƙahira, walau don ganin likita, ko saro kaya, ko duba yaransu da ke karatu a Azhar, ko waɗanda jirgi ya ajiye na kwana ɗaya ko biyu a kan hanyarsu ta Umara, kafin su koma sai sun tambayi yadda za a yi su je su ga Dala. Na raka baƙi wurin nan ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba, kuma abin da na lura da shi shi ne, duk wanda ya je babu shiri, in ya dawo masauki ba labarin Dala yake bayarwa ba, labarin mai raƙumi yake bayarwa. Sau da yawa kuɗin da aka ci masa ba su taka kara sun karya ba. Babbar asarar ita ce mutum ya taso tun daga Kumasi ko Yawunde ko Landan, ya tsaya a gindin ginin da ya shekara 4,500 a tsaye, amma awa biyun da yake da su su ƙare a cacar baki a kan kuɗin hoto.

Mu fara da suna. Mu muna cewa Dala, kamar dalar gyaɗa ta Kano da a da ake jera buhunanta da wannan siffa. Su Misirawa guda ɗaya "Haram" suke ce mata, jam'i kuma "Ahram" ko "Ahramat". Kalmar ba ta da alaƙa da haram kishiyar halal, harafin farko ma ba ɗaya ba ne a rubutun Larabci. Unguwar da ke kusa da wurin da babban titin da ya nufi can duk sunansu Haram, don haka in za ka yi wa direba magana, wannan sunan za ka faɗa. Wurin yana Giza, a yammacin kogin Nilu, kimanin kilomita 15 zuwa 20 daga tsakiyar Alƙahira. Kada hotuna su sa ka ɗauka cikin ƙungurmin hamada yake. Gidajen mutane sun zo har bakin katangarsa, hamadar ta bayansa take.

ABIN DA KE WURIN

Manyan Dala uku ne, na sarakuna uku daga gida ɗaya, wato uba da ɗa da jika. Babbar ita ce ta sarki Khufu, an gama ta wajen shekara ta 2560 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Asalin tsayinta mita 146 ne, yanzu ya dawo kimanin 138 saboda ƙololuwarta da fararen duwatsun da aka lulluɓe ta da su sun tafi, an kwashe yawancinsu a ƙarnonin baya an yi gine-gine a Alƙahira. Kowane gefe na gindinta mita 230 ne. An ƙiyasta duwatsun da ke jikinta sun kai miliyan 2 da dubu 300, kuma ta yi fiye da shekara 3,800 babu ginin da ya fi ta tsayi a duniya. A cikin abubuwan mamaki bakwai da mutanen da suka lissafa, ita kaɗai ta rage a tsaye.

Ta biyu ta ɗansa Khafre ce. In ka hango ta sai ka rantse ta fi ta ubansa tsayi, alhali tudun da take kai ne ya ɗaga ta. Za ka gane ta da ragowar lulluɓin dutse mai santsi da ya saura a samanta kamar hula. Ta ukun ta Menkaure ita ce ƙarama, tsayinta na asali kimanin mita 65. A gefenta na arewa akwai wata doguwar tsaga, wadda ta samo asali daga shekarar 1196, lokacin da Sarki Al-Aziz Usman, ɗan Salahuddin Al-Ayyubi, ya sa a rushe ta. Ma'aikata suka yi wata takwas suna fama, suka gaji suka bari, wannan tsagar ce kawai abin da suka iya.

Daga gangare ta gabas akwai Abul Haul, gunkin nan mai kan mutum da jikin zaki, tsawonsa mita 73, tsayinsa wajen mita 20, kuma daga dutsen wurin aka sassaƙa shi a inda yake. Masu jagora da yawa za su ce maka sojojin Napoleon ne suka harbe hancinsa. Ba haka ba ne, domin akwai zanen da wani Bature ɗan Denmak ya yi tun 1737, kafin a haifi Napoleon, kuma babu hanci a jiki. Masanin tarihi Al-Maƙrizi ya danganta abin ga wani mutum mai suna Sa'imud Dahar, a 1378, wanda ya ga manoma suna kai wa gunkin baiko ya fusata.

Akwai tambayar da kusan kowane baƙo namu yake yi, wato shin Fir'aunan Annabi Musa (AS) ne ya gina su? Wanda masana da dama suke hasashen shi ne wannan Fir'auna, Ramsis na Biyu, ya yi mulki daga 1279 zuwa 1213 kafin haihuwar Annabi Isa, ke nan sa'ad da ya hau gadon sarauta Dalar Khufu ta riga ta haura shekara 1,200. Gawarsa ba ta Giza. Tana gidan tarihi na Fusɗaɗ, inda aka mai da gawarwakin sarakuna da sarauniyoyi 22 a watan Afrilun 2021. Na faɗi wannan ne domin na sha jin 'yan talla suna cewa za su kai mutum "ya ga Fir'auna" in ya ƙara kuɗi. Game da waɗanda suka yi aikin ginin kuwa, a 1990 an gano maƙabartar ma'aikata a kudancin wurin, an kuma tono garin da suka zauna da gidajen burodinsu. A 2013 an samo wasu takardu a Wadil Jarf, bakin Bahar Maliya, na wani shugaban ma'aikata mai suna Merer, inda ya rubuta yadda shi da mutanensa suke ɗauko farin dutse daga Tura a jirgin ruwa suna kai wa Giza.

Mu 'yan Afirka ta Yamma ba yau muka fara sauka nan ba. Al-Maƙrizi ya ambata cewa Mansa Musa na Mali, a tafiyarsa ta aikin Hajji a 1324, kwana uku ya yi a gindin Dala kafin ya tsallaka kogi ya shiga Alƙahira.

Ana shiga cikin Dalar Khufu, amma da tikiti na daban mai tsada fiye da na shiga fili. Ramin da ake bi ba ƙofar asali ba ce, ana danganta haƙa shi ga Halifa Ma'amun. Daga nan sai wani siririn lungu mai hawa wanda tsayin rufinsa mita 1 ne da 'yan kai, a sunkuye za ka bi shi, sannan ka fito wani dogon zaure mai tsawon mita 47, ka ƙarasa ɗakin sarki. Babu zane, babu zinariya, akwatin gawa ne na jan dutsen Aswan, babu murfi babu komai ciki. Akwai zafi da ƙarancin iska. Ni dai ba na ba mai ciwon gwiwa ko baya ko zuciya shawarar shiga, balle wanda ya zo ƙasar jinya.

SU WANE NE MASU TALLAN?

Yana da kyau ka san da wa kake hulɗa. Yawancin masu dawaki da raƙuma da kekunan doki mutanen Nazlatus Samman ne, unguwar da ke manne da Abul Haul. Sana'ar gado ce, iyaye da kakanni a kanta suka rayu. Abincinsu ya dogara ga baƙi, baƙi kuwa ba kullum suke zuwa ba. A 2010 'yan yawon buɗe ido miliyan 14.7 suka shigo Masar. Juyin juya halin 2011 ya kore su, faɗuwar jirgin Rasha a Sina'i a 2015 ta ƙara korar su, har adadin ya sauko miliyan 5.4 a 2016. Ana cikin farfaɗowa annobar korona ta zo a 2020. A waɗannan shekaru dabbobi da yawa sun mutu da yunwa, wasu an sayar. Baƙi sun dawo, a 2024 sun kai miliyan 15.7, sai dai a watan Maris na wannan shekarar kuɗin ƙasar ya faɗi daga kimanin fam 31 zuwa kusan fam 50 a dalar Amurka ɗaya, kuma abincin doki bai san wannan ba.

Abu na biyu, wanda a ganina shi ne tushen matsalar, shi ne mai talla a nan ya san ba zai sake ganin ka ba. Ɗan kasuwar Kantin Kwari yana sassauta maka ne don gobe ka dawo. A Giza babu gobe, don haka duk abin da zai samu a jikinka yau ne, cikin minti biyar. Ga shi kuma kuɗin da ka biya ba nasa ba ne shi kaɗai, akwai kason direban da ya kawo ka, da na yaron da ya tare ka, da na mai dabbar. Wannan la'ada da ake rabawa ita ce take ninka farashi. Ba na cewa duk macuta ne. Na san dattawa a cikinsu waɗanda in kun yi magana ba sa tashi. Amma ba a rubuce yake a goshi ba, kuma baƙo ba shi da lokacin tantancewa.

Sai abu na uku, wanda ya shafe mu kai tsaye. Tarbiyyarmu ita ce igiyar da ake kama mu da ita. Bahaushe ba ya ƙin amsa sallama, ba ya barin hannun da aka miƙo masa, ba ya mai da kyauta, yana kuma jin nauyin ce wa babba a'a ido da ido. Su kuwa sun karanci kowace ƙabila. Da sun ga hula da babbar riga sai ka ji "Ya Hajji! Najeriya? Sudan? Muslim? Alhamdu lillah!", a rungume ka, a ce kai ɗan'uwa ne, farashinka ba irin na Turawa ba ne. Ka amsa sallama, wannan wajibi ne, amma ka amsa kana tafiya. Tsayawar ita ce shiga ciniki.

DABARUN DA AKA FI YI

Tun kafin ka iso ake farawa. A kan titin Haram ko cikin lungunan Nazlatus Samman, wani zai tare motarku, wani lokaci har ya buɗe gaba ya zauna, ya ce an rufe ƙofa yau, ko ya ce ba a shiga da ƙafa sai a kan doki, ko ya ce ofishin tikiti ya dawo nan. Ƙarshen tafiyar bargar dawaki ce. Sau da yawa da sanin direban ake yi. Maganin wannan shi ne ka ɗauki motar Uber, inda kuɗi da wurin sauka duk a rubuce suke, ka ɗaga gilashi, ka ce wa direba ba za ka sauka ko'ina ba sai bakin ƙofar hukuma. Tikiti a tagar hukuma kawai ake sayensa, ko a shafinta na intanet. Tun 2023 aka koma karɓar kuɗin tikiti da katin banki a manyan wuraren tarihi, don haka ka tabbata katinka yana aiki a ƙasar waje, ko ka tafi da wanda nasa ke aiki. Kuɗin baƙo ya ninka na ɗan ƙasa sau da yawa, ɗalibi mai katin shaida yana biyan rabi, kuma ana yawan canza farashin, sai a duba kafin a fito.

Bayan ka shige, za ka gamu da mai usur ko mai rataye da wani kati a wuya yana cewa "tikit, tikit" da murya irin ta hukuma. In ka miƙa masa sai ya riƙe, ya ce biyo ni, shi ke nan ka yi ɗan jagora ba ka nema ba. A bakin ƙofa ake duba tikiti, sai kuma a mashigar Dala ko kabari ko farfajiyar Abul Haul. In wani ya nema a tsakiyar fili, ka nuna masa yana hannunka, kada ka saki. Ɗan jagora na gaskiya yana da lasisin ma'aikatar yawon buɗe ido mai hotonsa, kuma tun daga gari ake shiryawa da shi.

Sai kyauta. Wani zai ɗora maka farin ƙyalle a ka ya naɗa maka shi kamar Balarabe, ko ya danƙa maka ɗan buzuzun dutse a tafin hannu, ya ce "hadiyya", kyauta ce saboda yana son 'yan Najeriya. In ka yi taku biyar sai ya biyo ka, shi ma a ba shi tasa kyautar, kuma ya ƙi karɓar kayansa tunda ka buɗe leda. An fi yi wa yara da mata wannan, domin an san uba ba zai ƙwace abu daga hannun ɗansa ba. Kada ka karɓa tun farko. In an riga an ɗora maka, ka cire ka miƙa, in ya ƙi karɓa ka ajiye a kan dutse a gabansa cikin mutunci ka wuce. Ka kuma gaya wa yara tun a mota cewa kada su amshi komai.

Hoto ma haka. Ɗaukar hoto da waya a filin Dala kyauta ne, babu wanda zai nemi kuɗin izini. Amma in ka ba wani wayarka ya ɗauke ka kana taɓa ƙololuwar Dala da yatsa, to wayarka tana hannunsa har sai kun daidaita. In kuma ka ɗauki raƙumin mutum, ko ka tsaya kusa da shi, zai nemi haƙƙinsa, kuma a nan ina ganin yana da gaskiya, domin don haka ya yi wa dabbar ado. Ku ɗauki juna, ko ka roƙi wani baƙo irinka.

Babbar magana ita ce hawan raƙumi da doki, kuma a nan aka fi ɓata wa mutane rai. Ana kiran kuɗi kaɗan a ƙasa. Da raƙumi ya miƙe, kana sama kusan mita 2 daga ƙasa, ba ka san kalmar da ake gurfanar da shi ba, sai lissafi ya canza. Wancan kuɗin na hawa ne, sauka da nata. Ko na zuwa ne, dawowa daban. Ko na mutum ɗaya ne, ko na raƙumi ne ban da yaron da ke jan akala. Wanda ya fi ba ni haushi shi ne na "fam": an yi ciniki da Turanci a kan fam 200, a ƙarshe ya ce ai fam na Ingila yake nufi. Na taɓa ganin wani dattijo da ya zo jinyar ido an ja shi can bayan tudu, inda babu kowa, aka tsayar da raƙumi ana sabon ciniki, shi kuwa kunya ta hana shi ɗaga murya.

Ban ce kada a hau ba. Daga can cikin rairayi ne ake ganin Dala uku a jere, kuma abin kallo ne. Amma kafin ƙafarka ta bar ƙasa a gama magana a kan komai: nawa ne, da "gine masri" wato fam ɗin Masar, na mutum nawa, minti nawa, zuwa ina, da dawowa nan inda aka tashi, da sauka, da hoto. Ka rubuta adadin a wayarka ka nuna masa ya gyaɗa kai a gaban abokin tafiyarka. Kada ka biya sai ka sauko. Ka tanadi daidai kuɗin a aljihu na daban, kada ka zaro damin kuɗi a gabansa. In ya kyauta maka, ka ƙara masa wani abu don kanka, wannan shi ne "bakshish", kuma al'ada ce a ƙasar, ba roƙo ba ne a wurinsu. Ka duba dabbar ma. Mu mun san doki, in ka ga ƙashin haƙarƙari a waje, ko gyambo a ƙarƙashin sirdi, ko ana ta zabga masa bulala a kan hawa, ka nemi wani. Raƙumi da ƙafafun baya yake fara tashi, sai ka kwanta baya ka riƙe sirdi da kyau. Mata kuma kada su yarda mai dabba ya hau bayansu da sunan riƙe su, ya ja akala daga ƙasa.

Wajen canji a lura. Akwai takardar ƙirshi 50, wato rabin fam, akwai kuma ta fam 50, kuma baƙon da bai saba ba yana iya rikita su. Akan ba da ta ƙirshi a matsayin canji, ko ka ba da fam 50 a juya hannu a nuna maka ta ƙirshi a ce ita ka bayar. Ka riƙa faɗin adadin da baki sa'ad da kake miƙawa. Ka nemi ƙananan kuɗi tun daga gari, domin banɗaki ma sai ka ba mai gadinsa wani abu.

In kana son sayen tsaraba, ciniki irin namu ne, sai dai kiran farko yakan ninka kuɗin kaya sau uku ko fiye. Ka'idar kasuwarmu tana aiki a nan: kada ka taya abin da ba ka da niyyar saya, domin in ya sallama ka ƙi ɗauka, kai ne ba ka kyauta ba, kuma zai bi ka har mota. Yawancin ƙananan gumaka da Dalar roba za ka same su da araha a Khan Khalili ko Ataba. Takardar bardi mai zane da ake yawo da ita a hannu, da yawa daga ganyen ayaba aka yi ta, tana karyewa in an naɗe. Haka kuma direba ko ɗan jagora da ya ce bari a biya "gidan tarihin bardi" ko "masana'antar turare" na minti biyar, kanti zai kai ka inda yake da kamasho. In ba ka so, ka faɗa tun kafin a tashi.

Akwai wanda ya fi duk waɗannan haɗari. Wani zai ja ka gefe ya buɗe ƙyalle a ɓoye, ya nuna maka tsohon kuɗi ko ɗan gunki, ya ce daga kabari aka tono. Kusan kullum jabu ne, an cuce ka. In kuma na gaske ne, ka shiga uku, domin dokar kare kayan tarihi mai lamba 117 ta 1983 ta haramta cinikinsu da fitar da su, hukuncin ɗauri ne, kuma ana bincike a filin jirgi. Ko tsinken dutse kada ka ɓantara daga jikin gini. Hawa Dala ma laifi ne, a ƙarshen 2019 majalisar ƙasar ta amince da ɗaurin aƙalla wata 1 ko tarar fam 10,000 zuwa 100,000, ko duka biyu. In wani mai gadi ya ce ka ba shi wani abu ya bar ka ka hau ko ya buɗe maka ɗakin da aka kulle, in an kama ku kai ne baƙo.

YADDA AKE CEWA A'A

Kalmomi kaɗan sun isa. "La, shukran", wato a'a na gode. "Mish ayiz", ba na so, mace ta ce "mish ayza". "Khalas", magana ta ƙare. Ka faɗa sau ɗaya, ka ɗora hannun dama a ƙirji, kada ka rage tafiya, kada ka kalli kayan. Kada ka ce "sai na dawo" ko "an jima", domin zai jira ka, ya kuma ce ka yi masa alkawari. Kada ka ba da dalili, kowane dalili yana da amsarsa a shirye. Wanda na ga ya fi aiki a bakin mai hula shi ne "Rabbina yisahhil lak", Allah Ya sauƙaƙa maka, kusan daidai da "Allah Ya ba da sa'a" da muke ce wa mai talla a gida. Ɗalibanmu masu jin Larabcin titi sukan ce "ana sakin hina", ni nan nake zaune, nan take a rabu da su. Wannan ya sa tafiya da ɗalibi ɗaya ta fi komai sauƙi, sai dai a tuna a biya masa tikiti da abinci, a kuma sallame shi, domin ranar karatunsa ya bayar.

Zagi da hayaniya ba sa amfani, taro kawai suke jawowa, kuma taron nasu ne. Wani lokaci za ka ji yara ko samari suna kiran "samara" saboda launin fata, ko 'yan makaranta su yanyame ka suna son hoto. Ka wuce abinka. In abu ya kai ga an riƙe maka waya, ko an hana ka sauka, ko an taɓa mace, ka ɗaga murya ka ce "shurɗa", wato 'yan sanda. Akwai 'yan sandan yawon buɗe ido a ko'ina cikin filin, lambarsu ta waya 126. Tun 2018 doka ta sa tarar fam 3,000 zuwa 10,000 a kan mai takura wa baƙi da talla ko bara a wuraren tarihi, kuma masu tallan sun san da ita, shi ya sa ambaton 'yan sanda kaɗai yakan kashe magana.

SABON TSARI DA LOKACIN ZUWA

Wanda rabonsa da wurin tun kafin 2025 zai tarar da canji. A watan Afrilun 2025 aka fara aiki da sabuwar babbar ƙofa a kan hanyar Fayyum, maimakon tsohuwar da ke kusa da otal ɗin Mena House. Ana ajiye motoci a waje, a shiga motocin safa da ke zagayawa tsakanin tashoshi a cikin filin, kamfanin Orascom ne ke gudanar da hidimar. An kuma ware wa masu dawaki da raƙuma wurinsu. A ranar farko sun tare hanyar motocin don nuna rashin yarda, abin da ke nuna maka yadda maganar ta shafi tuwonsu. A ganina takurar ta ragu a cikin fili, amma ba ta ƙare ba, kuma a kan hanyoyin da ke waje tana nan.

Ka je da sassafe, da an buɗe, kafin manyan motocin baƙi da zafin rana. Ana rufewa tun da la'asar, a watan azumi ma da wuri. Ranar Juma'a da ranakun Idi da hutun makarantu cinkoso ya yi yawa. Daga Disamba zuwa Fabrairu akwai sanyi mai shiga ƙashi da safe, a bazara kuma akan yi iskar Khamasin mai ƙura. Ka ɗauki ruwa da fasfo da takalmin da za ka iya tafiya da shi a rairayi. Awa uku sun isa.

Kimanin kilomita 2 daga nan akwai Babban Gidan Tarihin Masar, wanda aka yi bikin buɗe shi ranar 1 ga Nuwamba 2025. A can kayan kabarin Tutankhamun sama da 5,000 suke, da jirgin ruwan Khufu mai tsawon mita 43 wanda aka tono a gindin Dala a 1954 aka mai da shi can a 2021. Tikitinsa daban ne, gara a saya ta intanet tun kafin a je, kuma a ciki babu mai bin ka da talla.

Wanda yake da yini guda cur, kuma yake son ganin Dala cikin natsuwa, ya ɗauki shatar mota zuwa kudu. A Saƙƙara, kimanin kilomita 30 daga Alƙahira, akwai Dalar sarki Zosar mai hawa shida, wadda ta girmi na Giza, aka sake buɗe ta a 2020 bayan gyaran shekara 14. Gaba kaɗan a Dahshur akwai guda biyu na Sneferu, mahaifin Khufu, wato Jar Dala da Tanƙwararriya, ana kuma shiga cikinsu. 'Yan talla a Dahshur ba su da yawa, wani lokaci daga kai sai masu gadi. Sai dai samun motar dawowa daga can yana da wuya, don haka a yi ciniki da direba a kan zuwa da jira da dawowa, a kuma biya shi bayan ya sauke ku a masauki.